Sunan da Malam Datti Ya Buga

"Baba Sa'idu, tallafo ta ƙasa, kada ka kama wuyan."

"Wane wuya kuma? Abu kamar randa, ina ya ga wuya?"

Abdussalam yana tsaye a kan kujera, ni ina ƙasa na miƙa hannuwa, muna sauke wani tsohon akwati mai fuskar gilashi daga saman kabad ɗin ubansa. Ni da nake saɓa damin rake tun ina saurayi, sai da na yi nishi kafin mu dire shi a kan tebur. Hajo, uwar gidan, tana bakin ƙofa riƙe da ƙyallen da ta yi shekaru tana lulluɓe shi da shi, tana cewa mu yi a hankali, mai yiwuwa kyankyasai sun yi gida a ciki.

Malam Datti yana kwance a gado yana bin mu da ido. Ido ne ya rage masa, sai hannun hagu. Tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Likitoci a Zariya sun yi iya yinsu, daga baya suka ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a. Mun gane abin da suke nufi.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a nan Makarfi. Ni noman rake nake ina dafa mazarƙwaila, shi kuwa ya yi ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Kaduna, a ɗakin kwamfuta. Da masaƙar ta rufe aka yi gwanjon kaya, abokan aikinsa suka kwaso keken ɗinki da fanka, shi ya rungumo wannan akwati da allon maɓallansa ya dawo gida. Taminal yake kiransa. Mu kuwa a majalisa muka sa masa suna talabijin ɗin da ba ya nuna kowa. In na tsokane shi sai ya ce, "Sa'idu, je ka ji da tukunyarka kada ta ƙone."

Abdussalam ɗansa ne na fari, yana aikin kwamfuta a Abuja. Da ya iso ya tarar uban ba baki, sai ya miƙa masa waya ko zai rubuta abin da yake so. Yatsan ya riƙa zamewa a kan gilashin. Ya kawo kwamfutarsa ta cinya, nan ma hannun yana rawa, ya danna harafi ɗaya uku su fito, hasken farin allon kuma ya sa idon tsohon zubar ruwa. Malam Datti ya ture ta, ya ɗaga hannu ya nuna saman kabad. Abin da ya sa aka leƙo ta katanga aka kira ni ke nan.

Da aka jona shi a wutar sola ya yi wani ɗan kuka, can sai ga ɗigon kore a kusurwar gilashin yana ƙyafta ido. Na ce to alhamdu lillahi, a ba Malam ya rubuta.

"Da saura, Baba Sa'idu," in ji Abdussalam. "Wannan ba shi da ƙwaƙwalwa. Fuska ce da hannu kawai. Abin da aka buga sai ya tafi wajen kwamfuta, ita ta dawo da shi sannan a gani. Dole in haɗa shi da tawa."

"To haɗa mana."

"Bakinsu ba ɗaya ba ne."

Ya nuna mini bayan akwatin, wani baki mai faɗi da ramuka jere, ya nuna mini gefen tasa, 'yar ƙofa siririya. Sai da wani abokinsa ya aiko da igiya da ɗan mahaɗi daga Kaduna ta hannun direba. Aka jona, shiru. Ɗigon nan yana ta ƙyaftawa shi kaɗai.

Yaron ya kwashe kayan ya fito zaure don kada ya dami mara lafiya. Na zauna kusa da shi ina ɓare gyaɗa, yana feɗe igiyar da reza. Ya ce ya gano matsalar: a cikin igiyar akwai wayar magana, akwai wayar ji, to akwatin da kwamfutar duk ta waya ɗaya suke magana, ba mai sauraron wani. Sai an gicciya su, bakin wannan ya shiga kunnen wancan. Na dube shi, na dubi ƙofar ɗakin ubansa, na ci gaba da ɓare gyaɗata.

Yana cikin liƙa wayoyin da dalma ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba Sa'idu, ka san ban taɓa jin sunana a bakinsa ba?"

Na sani mana. Malam Datti mutumin da ne, mai alkunyar ɗan fari. Ana yaye yaron aka kai shi Hunkuyi wajen kakarsa, can ya tashi. In ya zo hutu, uban sai dai ya ce "kai," in yana ba da labarinsa ya ce "wannan yaron." Ƙanwarsa Farida kuwa har goya ta yake yi a kafaɗa, yana kiran sunanta unguwa na ji. Hajo ma haka, ba ta faɗin sunan, sai dai ta ce wa Farida "yayanki." Haka muka taso, ba wanda ya ɗauke shi ƙiyayya.

Na ce, "Ai kara ce, ɗana. Ubanka da kake gani, ran kasuwar Hunkuyi sai ya ja ni wai mu je mu ga hatsi, mutumin da ba ya saye ba ya sayarwa. Mu tsaya gindin wata bedi har a tashe ku daga makaranta, ya hango ka, ya ce mu tafi."

"Na sani, na sha hango ku." Ya hura dalmar. "Ban ce ba ya sona ba. Ina dai ta cewa wata rana in ya tsufa zai manta ya kira. Ga shi bakin ya rufe."

Na ji tausayin yaron ƙwarai, na kuma ji haushin abokina, duk da na san ba laifinsa ba ne.

Da aka mayar da igiyar, gilashin ya cika da wasu ƙwarangwal ɗin alamomi, ba boko ba ajami. Hajo ta ce a'uzu billahi. Abdussalam kuwa dariya ya yi, karo na farko tun zuwansa. Ya ce yanzu suna jin juna, sai dai tasa tana zuba kamar mai tallar magani a kasuwa, wannan kuwa tsoho ne, sai a hankali. Ya shiga rage mata gudu yana gwadawa har ya tsaya a dubu tara da ɗari shida. Sannan ya ce saura ya sa mai gadi a ƙofar da igiyar ta shiga, wanda zai tambayi duk mai son shiga ko shi wane ne, ya kuma nemi kalmar sirri.

"Ashe su ma suna da zaure," na ce.

Da hantsi ne ranar. Muka jingina Malam Datti da matasai, muka jawo teburin jikin gado ta hagunsa. Abdussalam ya danna wani abu a tasa. Ƙwarangwal ɗin suka share, sai ga kalma ɗaya da koren rubutu ɓaro-ɓaro, wadda ko ni mai firamare na iya haɗa ta: login. Ɗigon ya koma gabanta yana jira.

Na ga fuskar abokina ta canza. Ɓarin da ke da rai ya yi murmushi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan maɓallan nan masu kauri ya shafa su, kamar yadda nake shafa bayan bijimina in na dawo daga tafiya.

Abdussalam ya durƙusa. "Baba, na buɗe maka naka sunan shiga. Na gajarta shi saboda hannunka. Baba kawai za ka buga, haruffa huɗu."

Shi ma fa bai iya rubuta sunan uban nasa ba. Gado ba ya ɓuya.

Malam Datti ya dubi gilashin. Sannan ya miƙa manuniya. Ƙas. Harafin da ya fito ba na farkon baba ba ne. Abdussalam ya kai hannu zai goge masa, uban ya kaɗe hannun. Ƙas. Ƙas. Yatsan yana rawa, yana shawagi a sama kafin ya sauka, amma bai sauka a kan kuskure ba. Ina haɗa haruffan a zuciyata, ban kai rabi ba na gane inda aka nufa. Da ya gama, ga shi nan kore shar a gaban kowa: abdussalam.

Ya danna babban maɓallin gefe. Mai gadin ya nemi kalmar sirri. Wannan kam tsohon bai san ta ba, ta mai sunan ce. Sai ya laluba ya kamo wuyan hannun ɗansa ya ɗora a kan maɓallan.

Yaron nan, mutum mai gemu da 'ya'ya, ya kasa ganin haruffan saboda hawaye. Ya buga ya kuskure, mai gadin ya hana su shiga, sai da uban ya sake rubuta sunan tun daga farko. Ni dai na ce wallahi da gangan yaron ya kuskure. Abdussalam ya yi dariya yana share ido da hannun riga.

Da mai gadin ya bar su suka shiga, ɗan ya buɗe wa uban fili ya ce ya rubuta abin da yake so. Muka matso muna jiran wasiyya. Abin da Malam Datti ya fara rubutawa shi ne, shayin hajo ba suga. Farida ta karanta wa uwarta. Hajo ta ce, "Ki gaya masa likita ne ya hana, ba rowa ba ce." Na biyun nawa ne: saidu akuyarka ta cinye min zogale. Maganar tun bara, ashe tana cikinsa.

Haka kwanakin suka tafi. Ya rubuta inda yake so a dasa mangwaro, ya yi wa jikokinsa addu'a ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafarar mutanen unguwa, ni na kai saƙon majalisa. Kullum in ya gaji sai ya buga kalmar fita ya rufe da kansa, gilashin ya koma kan kalmar nan ta farko. Abdussalam ya ce zai bar masa a buɗe, ko ya cire kalmar sirrin, don kada ya riƙa wahalar da hannunsa. Uban ya rubuta, aa. Sunan baba da aka buɗe masa kuwa ko sau ɗaya bai taɓa shi ba.

Sai abin ya zama kira. In Hajo ta ji ƙas-ƙas daga madafa, ta san ba mai buɗewa sai mutum ɗaya, sai ta ce, "Farida, yayanki ake nema." Ko yana zaure ko yana wajena a bakin tukunya, sai ya ajiye abin da yake yi ya tafi da sauri, yana gyara hula kamar ɗan makaranta.

Ranar da zai rasu, an ji ƙas-ƙas ɗin da sassafe, a hankali fiye da kullum. Abdussalam ya shiga ya tarar numfashin ya canza, bai ko dubi teburin ba, ya aiko a kira ni. Na zauna a gefen kansa ina maimaita kalmar shahada, ɗan yana riƙe da hannun hagun. Leɓen ya motsa, manuniyar ta ɗaga kaɗan. Kafin rana ta take ya cika, cikin sauƙi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi rashin aboki, kuma har yau in na ji motsi a bayan katanga sai in ɗauka shi ne.

Bayan azahar muka kai shi. Da la'asar, da mutane suka ɗan ragu a ƙofar gida, Abdussalam ya ce in raka shi mu ɗauko tabarmi a ɗakin. An kwashe shimfiɗar gadon, an share ƙasa. Ba wanda ya tuna ya kashe taminal. Sunan yana nan a gaban kalmar, cikakke, ba harafin da ya ɓace. Babban maɓallin ne kawai bai kai ga dannawa ba. Ɗigon yana gefen harafin ƙarshe yana ƙyaftawa.

Muna tsaye Hajo ta shigo da ƙyallenta a hannu, za ta lulluɓe.

"Inna, bar shi tukuna," in ji Abdussalam.

Ta dubi koren rubutun. Ita allo ta yi, ba ta san boko ba. "Me ya rubuta?"

Ɗan ya juyo ya dube ni. Na ce, "Sunan ɗanki ne, Hajo."

Ta matso kusa da teburin. Sannan ta kama bakin mayafinta ta goge ƙurar da ke kan gilashin, daidai inda sunan yake, daga farkonsa zuwa ƙarshe. Ta ninke ƙyallen ta ajiye a kan gado, ta fita ta bar ƙofar a buɗe.