Hancin Jar Karsana

Shekara arba'in da wani abu Dogo ya yi yana kiwon shanu, amma bai taɓa tsayawa ya kalli hancin saniya da kyau ba sai ranar da ma'aikaciyar inshora ta zo gonarsa.

Maganar rijiya ce ta kawo ta. Dogo ya gaji da kora shanu rafi duk rani, sai ya je banki neman rancen haƙa rijiyar burtsatse. Bankin ya yarda, da sharaɗin a yi wa shanun inshora, kada cuta ta faɗa garken kowa ya tashi a tutar babu. 'Yarsa Auta, wadda ke kula da cinikin madara, ita ta cike takardu. Bayan sati guda sai ga wata mata a kan babur, da takalmin roba har gwiwa.

Dogo ya ɗauka haƙori za ta duba, ko hantsa. Sai ya ga ta ciro tsumma ta goge hancin saniyar farko, ta kara waya ta ɗauki hoto.

"Malama, ga saniya sukutum a gabanki, me ya kai ki hanci?"

"Baba, matso ka gani," in ji ta, ta buɗa masa hoton. "Ka ga wannan zanen? Kamar na yatsan mutum ne, kowace da nata. Lambar kunne tana faɗuwa, ana kuma iya cire ta a maƙala wa wata. Wannan kuwa da shi aka haife ta. In wata ta mutu, Allah ya kiyaye, da shi za mu gane tana cikin waɗanda muka yi wa rajista, mu biya ka."

Dogo ya riƙe kan saniyar ya sunkuya. Lallai kuwa, ga layuka nan ƙanana sun kewaye juna, kamar laka in ta bushe ta tsattsage. Ya matsa ga ta biyu, ya ga nata daban. Tun daga nan bai bar matar ta huta ba. In saniya ta tsufa zanen yana canzawa? In ƙaya ta karce ta fa? Tumaki ma haka suke? Wasu ta amsa, wasu ta ce sai ta tambayo.

"Abin sha'awa ne," ya ce bayan ta gama da duka shanunsa ashirin da uku. "Amma ni ba na bukatarsa. Ko kukansu na ji daga bayan shinge, zan gaya miki wacce ce."

Duk da haka kwana uku Auta tana kama shi a garke da baƙin tukunya da tsohon littafin makaranta, yana shafa wa shanu a hanci yana danna takarda. Shanun suna atishawa, rigarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Baba, ka ce ba ka bukata."

"Dubawa kawai nake yi."

Bayan wata shida, an gama rijiya, ma'aikaciyar ta dawo duba garken kamar yadda tsarinsu yake. Duk saniyar da ta kara wa waya sai alama koriya ta fito. Ashirin da biyu suka wuce lafiya. Da aka zo kan jar karsana mai farin goshi, sai ja ya fito.

Ta sake goge hancin ta ɗauka. Ja. Ta juya karsanar ta fuskanci rana, ta sake. Ja.

"Baba, wayar ta ce ba ta san wannan ba."

"To ki gaya wa wayar ni na karɓi haihuwarta da hannuna."

"Ba ka sayar da waccan ka sayo wata ba?"

Dogo ya ji abin har ransa. Ma'aikaciyar ta yi sauri ta ce ba zarginsa take yi ba, tambaya ce da dole ta yi. Ta buɗo hoton farko ta ajiye kusa da na yau. Dogo ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. A hoton farko akwai wani layi da ya rabu biyu kusa da ƙofar hancin hagu. A na yau babu shi. Ya duba hancin karsanar da idonsa, babu. Fushin ya tafi, mamaki ya maye gurbinsa.

"To ke wace ce?" ya tambayi karsanar.

Auta ce ta fara tunawa. "Baba, ranar allurar rigakafi. Ba an tara shanun kowa a fili ɗaya ba, ruwa ya sauko aka watse a guje? Baffa ma yana da ja mai farin goshi. Bijimi ɗaya ya haife su."

Dogo ya dafe kai. Sai yanzu abubuwa suka riƙa dawo masa. Tun wajen lokacin nan karsanar ta daina zuwa lasar gishiri a tafinsa. Ta daina kwanciya a gindin turkenta, ta koma bakin ƙofa. Shi kuwa ya ɗauka fushin allura take yi da shi, har yana ba ta haƙuri.

Gonar ƙanin Dogo tana bayan tudu, tafiyar rabin awa. Su uku suka tafi a ƙafa, ma'aikaciyar ta bar babur ɗinta, ta ce ita ma sai ta ga ƙarshen abin. Suka same shi yana gyara shinge.

"Yaya, lafiya da rana tsaka haka, har da baƙuwa?"

"Lafiya lau. Hancin karsanarka muka zo gani."

Ƙanin ya dubi Auta, ko za ta ce masa tsufa ya fara taɓa yayansa. Ita kuwa dariya take ƙoƙarin dannewa. Kafin a gama yi masa bayani, jar karsana ta ɗago kai daga kwamin ruwa, ta taho kai tsaye ta tura baki cikin tafin Dogo tana neman gishiri. Ma'aikaciyar ta goge hancin, ta kara waya. Koriya.

"Ikon Allah!" in ji ƙanin. "Shi ya sa! Tawa fa harbi gare ta kamar jaki, ba mai taɓa ta sai da igiya. Bayan allurar nan sai na ga ta yi laushi, tana bina kamar kyanwa. Har na je na yi wa likitan dabbobi godiya, na ce wannan allura tasa har hali take gyarawa."

Auta ta zauna a kan buhun dusa tana dariya har da hawaye.

"Wata huɗu ina ciyar maka da mai harbi," in ji Dogo, "ina ba ta haƙuri."

"Ni ma wata huɗu ina ciyar da taka. Kuma Yaya, sai dai ka yi haƙuri, ciki gare ta. Na bijimina ne."

Nan magana ta koma sabuwa. Suka juya ga ma'aikaciyar, ta ce ita iyakarta rajista: wannan ce ke cikin inshorar Dogo, ko ta koma garkensa, ko a sauya sunanta da waccan a takarda. Maganar ɗan da ke ciki kuwa ba ta cikin aikinta.

Ba su ja da nisa ba. Suka shirya kowa ya karɓi tasa a ranar. In mace aka haifa ta Dogo ce, in namiji ne ƙanin ya ɗauka bayan yaye. Ƙanin ya yi ta gunaguni cewa za a dawo masa da harbi gida, sannan ya ja ma'aikaciyar gefe yana tambayar nawa ake biya a shekara, kuma in ya shiga, za ta iya duba masa ko akwai wata baƙuwar a garkensa. Ta ce baƙuwar da ta riga ta shigo ba za ta gane ta ba, sai dai daga yau.

A hanyar komawa Dogo na gaba da igiyar karsana har suka hau tudu. Can ya tsaya.

"Malama, wanda za a haifa ɗin nan, zanen hancinsa na uwar zai ɗauko ko na uban?"

Ta yi tunani. "Wallahi Baba ban sani ba. Ba wanda ya taɓa tambayata."

"A ofishinku fa?"

"Ina jin su ma ba su sani ba."

"To saura wata shida ta haihu. Auta za ta kira ki. Ki zo da wayar, mu fara biyawa ta wurin bijimin."

Ta ciro biro ta rubuta watan a bayan takardarta, suka ci gaba da gangarawa.