Goɗiyar Dinny da Bokitin Bridie

A duk faɗin garin Burrawinda babu mai iya gaya maka takamaimai abin da ya haɗa yaƙin nan. An ce wani yarima aka harbe a wani gari da ko malamin makaranta sai ya ciji harshe kafin ya faɗi sunansa, sai sarakunan Turai, waɗanda kusan duk dangin juna ne, suka kaure da faɗa. Bridie Costigan ba ruwanta da wanda ya fara. Ita dai ta ba su Con, babban ɗanta, sun binne shi a fagen yaƙin Gallipoli, yanzu Dinny kaɗai ya rage mata a duniya. Shi ma ga shi shekarunsa sun kai, ba ya neman izinin kowa.

Dinny kuwa ba kowane irin soja yake so ya zama ba, sai sojan doki, masu gashin tsuntsu a gefen hula. Bridie ta yi kuka, ko a jikinsa. Ta kwanta ta ce bayanta ya riƙe.

"Haba Mama," in ji shi, "jiya fa na gan ki da buhun dankali a kafaɗa."

"To shi ne ya karya ni, ɗan banza."

Ya yi dariya ya sumbace ta a ka ya fice. Abin ya ƙona mata rai, domin ta san dariyar nan, ta ubansa ce, kuma uban nasa har ya mutu bai taɓa fasa abin da ya sa a gaba ba.

Masu ɗaukar sojan doki suna da tsarinsu. Sukan sauka a filin baje kolin dabbobi, kowane saurayi ya zo da dokinsa, ya hau ba sirdi, ya sako shi a guje ya tsallake gungumen icce. Wanda ya faɗo an gama da shi. Matsalar Bridie ita ce Dinny bai taɓa faɗowa daga kan doki ba tun yana rarrafe, goɗiyarsa Clover kuma tsallake shinge wasa ne a wurinta. Aibinta ɗaya, kwaɗayi.

Da ranar ta matso, Dinny ya ce goɗiyar ta huta, ya riƙa tafiya saran itacensa a ƙafa. Yana ba da baya sai Bridie ta dama dusa da maɗin rake, ta ɗauki tsohon bokitin ƙarfe da ludayi, ta tsaya bakin shinge ta buga: kwang, kwang, kwang. Da fari Clover kunne kawai take ɗagawa. Kafin wani lokaci, ko tana can ƙarshen makiyaya, tana jin ƙarar nan za ta juyo a sukwane kamar an kunna mata wuta a wutsiya.

"Mama, kamar Clover ta yi ƙiba ko?"

"Hutu ne. Kai ma da za ka zauna wuri ɗaya da ka yi."

Ranar gwaji gari ya fito kaf. Matan kwamitin taimakon soja sun kafa teburin shayi a gefen fili, sai ga Bridie a cikinsu, ita da ba ta taɓa saƙa musu ko safa ɗaya ba. Misis Ottaway, shugabarsu, ta dube ta sama da ƙasa.

"A'a, Bridie, yau kece a nan? Wannan bokitin fa?"

"Kofunan naku da harshe za ku wanke su?"

Misis Ottaway ta juya ta ci gaba da jera biskit ɗinta.

Samari suka yi ta tsallakewa, wani ya wuce lafiya, wani ya wuce rungume da wuyan doki yana kiran uwarsa. Sai Saje Pardoe, wani jan mutum mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ƙwala kiran Costigan. Dinny ya sako Clover. Gaskiya ya iya zama a kan doki, har Bridie ta ji alfahari ya cika mata ƙirji, ta kusa mantawa da abin da ya kawo ta. Saura ƙiris su kai gungumen ta ɗaga ludayi.

Kwang, kwang, kwang.

Clover ta turje, ta yi kwana. Dinny bai yi kwanar ba. Ya tashi sama shi kaɗai, ya tsallake gungumen tsaf, ya sauka da ƙirji cikin taɓo. Ita kuwa goɗiyar ta ratsa taron mutane, ta ture tiren biskit, ta cusa kanta cikin bokitin Bridie har kunnuwa.

Wayyo dariya! Har da masu zama a ƙasa suna riƙe ciki. Saje Pardoe ya share hawaye ya ce, "Kai ka ci jarrabawa, samari, dokin ne ya faɗi. Mu kuwa ku biyu muke so tare."

Bridie ta duƙa tana ta faɗa wa goɗiyar, wai marar kunya, marar tarbiyya, amma a ranta ganga take kaɗawa. Ta gama tsara komai: za ta dafa masa naman rago da dankali, zai yi fushin kwana biyu, shi ke nan.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne kunya. Dinny ya miƙe taɓo har cikin ido, 'yan matan garin suna nuna shi, wani ya yi masa ihu ya koma gida mama ta goya shi. Bai kalli kowa ba. Ya nufi ɗaya rumfar, inda ake ɗaukar sojan ƙasa, wadda tun safe ƙuda kawai ke shiga.

Kowa a Burrawinda ya san sojan doki Masar ake kai su, kukansu bai wuce zafi da ƙishirwa ba. Sojan ƙasa kuwa Faransa, kuma tun tsakiyar shekarar nan duk gidan da Fadan coci ya tsaya da kekensa a ƙofa da saƙon mutuwa, ɗan gidan a Faransa yake. Bridie ta yar da ludayin ta ruga wurin saje.

"Yallaɓai, don girman Allah a sake gwada shi. Ni ce na buga bokiti. Yaron nan ya fi duk waɗannan iya doki!"

"Na sani, Baba. Ina da kunne."

"To ku ɗauke shi mana! Ga shi, ga dokin, na ba ku har da sirdi."

Saje ya daina murmushi. Ya nuna rumfar da haɓa. "Ai ya riga ya ɗora hannu a kan Littafi ya rantse. Yanzu ba nawa ba ne, ba kuma naki ba."

Dinny ya fito yana goge fuska da hannun riga. Ya kamo linzamin Clover ya danƙa wa uwarsa, ba fushi a muryarsa, wanda da akwai da ya fi mata sauƙi.

"Ki rage mata maɗin nan, Mama, zai ɓata mata haƙora. Jirginmu ranar Asabar ne."

Ya bi sauran samarin suka wuce wurin likita. Bridie tana nan tsaye da linzami a hannu, ko kukan ya ƙi zuwa. Misis Ottaway, wadda duk hankalinta yana kan biskit ɗinta da ya zube, ba ta fahimci komai ba. Ta matso ta dafa mata kafaɗa, idonta cike da ƙwalla.

"Sannu da ƙoƙari, Bridie, na yi miki mummunan zato. Ba kowace uwa ce za ta rako ɗanta na biyu da ƙafarta ba."

Bridie ta ɗauki bokitinta. Ta ja goɗiyar suka kama hanyar gida.