Kwanonsa a Wurin Ciyayya

Ranar da likita ya miƙo takardar tsarin abinci ni na karɓa, don mijina, Baban Ramlat, ya kafa wa bango ido kamar ba da shi ake ba. Ƙodarsa ce ta fara gajiya. Likitan ya ce in ana so a ja lokaci kada a kai ga wankin ƙoda, to nama da kifi da ƙwai da nono da man shanu duk ya yi sallama da su, gishiri kuma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na ce to. Ban yi kuka ba. A motar da ta dawo da mu tunanin abin da zan ɗora da yamma kawai nake yi.

Ni malamar firamare ce a Gezawa, gidanmu kuwa yana wani ƙauye a bayan garin. Kafin in tashi daga makaranta, in sami abin hawa, in iso gida, La'asar ta kawo jiki, ga yara huɗu kowa da bakinsa a buɗe. Ba ni da ƙarfin ɗora tukunya biyu, saboda haka na yanke wa gidan hukunci ɗaya: abin da uban zai ci shi kowa zai ci. Ramlat, babbarmu, ta tura baki ta ce an mayar da su awaki. Na ce ai akuya ma ba ta samun mai da yaji, ta gode wa Allah.

Haka na koyi girkin da ba ya cin lokaci. Tun da safe nake jiƙa wake in tafi, in na dawo sai in haɗa shi da shinkafa, kafin in idar da sallah ya nuna. Wata rana faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, wata rana dambun masara da zogalen da nake tsinkowa a bayan ɗaki. Ranar da na gaji liƙis kwaɗon rama ne da ƙuli-ƙuli, wanda bai ƙoshi ba ya sha kunu. Miyar kuka kuwa daddawa ce take rufa mata asiri. Ba zan ce ina jin daɗin girkin ba, ba kuma zan ce ina jin haushinsa ba. Hannuna ne yake yi, ni ina can wani wuri.

Matsala ɗaya ce, ciyayya. A unguwarmu magidanta ba sa cin abincin dare a cikin gida. Ana idar da Magariba kowa zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Malam Sama'ilu, dattijon unguwar, a zauna a tabarma ɗaya, a buɗe kwano ɗaya a cinye tare, sannan a jawo na gaba. Shekara goma sha tara mijina yana zama a wurin. Na roƙe shi ya haƙura da fita, ya dube ni ya ce in ya daina zuwa ai tun yana raye an yi jana'izarsa. Sai muka yi yarjejeniya: zai je, amma zai yi musu bayani, kuma kwanonsa kaɗai zai taɓa. Washegari na tambaye shi ko ya faɗa musu, ya ce an gama magana.

Kullum kwanon yana dawowa fes. Na yarda da kwanon, don shi ne abin da nake iya gani. Wata biyar muna haka. Ni na rame, yara suka daina mita, Ramlat har ta iya dambu fiye da ni. Shi kuwa sai takalminsa ya fara matse shi. Daga baya fuskar ta kumbura, in ya dawo daga gona sai ya zauna a dakali yana haki. Na ƙara rage gishiri har na daina sakawa gaba ɗaya, ina zargin kaina ko hannuna ne yake yin nauyi.

Wata Talata ina cikin aji aka kira ni, ya faɗi a gonar albasa. A asibiti a Kano likita ya duba sakamakon gwaji ya ce abin da ake gudu ya zo, daga yanzu wanki ne sau biyu a mako. Ya tambaye ni ko mun bi takardar. Na ce mun bi. Ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce ya yi aikin gida ya manta shi a gida.

Kwana uku da kwantar da shi, mutanen ciyayya suka cika mota suka zo dubiya. Bayan sun fito Malam Sama'ilu ya ja ni gefe a baranda, ya rage murya.

"Malama, kada ki sa komai a ranki. Mun lura tun tuni."

Na ce, "Da me kuka lura, Baba?"

"Da kwanonsa mana. Mutumin da miyar gidansa ba ta rabuwa da nama, rana ɗaya ko gishiri babu. Muka ce hidimar asibiti ce ta ci ƙarfin gidan, shi kuma ba mai faɗa ba ne. Sai muka shirya a tsakaninmu, ba wanda ya ji. Kowane gida da ranarsa, a sa nama ko kifi, a tura gabansa. Naki kuwa mu muke cinyewa, don kada ya koma da saura ki ji kunya. Ko sau ɗaya ba mu bari ya kwana da ganye a cikinsa ba."

Yana faɗa idonsa yana kawo ruwa. Ya miƙo mini kular farfesu da matarsa ta dafa wa mara lafiya, na sa hannu biyu na karɓa. Na jira fushi ya zo, bai zo ba. Babu abin da na ji sai zafin kular a tafin hannuna.

Na shiga ɗakin na ajiye ta a ƙarƙashin gado. Baban Ramlat ya dubi fuskata ya gane. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa musu. Ya ce daren farko ya buɗe baki zai yi bayani, sai Hashimu mai gyaran keke, wanda gidansa sai a yi wata ba a ga nama ba, ya ciro tsokar da ke cikin miyarsa guda ɗaya tak ya ajiye masa a gabansa. Ya ce daga nan bakinsa ya mutu, kullum yana cewa gobe.

"Kada ki gaya musu, Tahira," in ji shi. "In suka sani, tabarmar nan ta watse."

Na fito. Suna tsaye su shida a bakin ƙofa suna jiran direba, Hashimu yana ta baya da hularsa a hannu. Na durƙusa na ce Allah ya saka musu da alheri, Allah ya bar zumunci. Suka ce amin, ai yi wa kai ne. Malam Sama'ilu ya ce in kwantar da hankalina, sun riga sun tsara, har a sallame shi kullum za a riƙa aiko masa da romo.