Kwana Shida Babur Bai Tashi Ba

"Sake bugawa," in ji Baba Sanni.

Na sake taka kiki. Babur ɗin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗiga daga kwanon gidanmu ba, ga sanyin watan Agusta yana ratsa riga. Baba na tsaye cikin tsohon kwat a kan jallabiya, ya dafa bango yana numfashi da ƙyar.

"Ka ja cok?"

"Na ja, Baba. Sanyi ne. Mai ba ya kamawa da wuri in inji ya kwana a waje."

"Shekara goma sha biyu yana kwana a waje, Mukhtari."

Na kwance fulogi na goge da burushi, na hura, na mayar. Na duba batir, na zubar da man ƙasan kafireta wai ko ruwa ya shiga. Duk na yi su a gabansa, a hankali, yadda nake yi wa mai kawo mini aiki a Magazin, unguwar makanikai. Na san ba zai tashi ba, don ni na cusa guntun roba cikin hular fulogin yadda wuta ba za ta wuce ba.

Ɗakina na kallon nasa a gidan haya ɗaya a Akwatiya Layin. Shi ya kai ni wajen maigidana na koyi gyaran babur, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Da likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, 'yarsa Hamida ta tare ni a bakin famfo.

"Bra Mukhtari, don Allah ka yi wa moton nan wani abu, kar babur ɗin ya sake tashi. Jiya a kasuwar shanu ya faɗi. In na ɓoye makulli, zagina zai yi."

Na yarda. Na ɗauka kwana biyu zai haƙura.

Bai haƙura ba. Kullum bayan asuba sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ranar uku ya sa aka dafa ruwa muka zuba a jikin injin. Ranar huɗu ya sa ni na tura babur ɗin har gangaren masallaci, na hau na saki kulochi, ba labari. Na ce masa ya hau tasi in wani wuri yake son zuwa.

"Inda za ni ba a zuwa da direba," ya ce. "Gobe in rana ta fito zai tashi."

Ranar shida, muna tsugune gaban babur ɗin, wani mutum ya yi sallama ya shigo da takalmansa duk laka. Daga Tafo Zango yake. Ya ce Alhaji Awalu ya rasu da asuba, za a kai shi bayan azahar.

Awalu wan Baba ne, ciki ɗaya. Shekara goma sha tara ba su magana, tun rigimar gidan ubansu. Ko sunansa ba a ambata a gaban Hamida, don ita ta ga ranar da aka watsa kayan uwarta a titi.

Baba ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana kallon laka a takalman mutumin.

"Ya aiko mini ranar Juma'a," ya ce. "Ya ce in zo ni kaɗai."

Tasi ce ta kai shi jana'izar. Ni na tafi aiki, na kasa riƙe sifana yadda ya kamata. Da na dawo da la'asar na tarar da shi zaune a ƙasa kusa da babur ɗin, da ƙaramin filaya a hannu. Ya cire hular fulogin.

"Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya ajiye mini guntun robar a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai da nasa hannun, mai sanyi.

"Sanyi ne ya sa wannan?"

"Baba, lafiyarka muke..."

"Da ka ce mini, Baba ba zan tayar ba, da na zage ka na nemi wata hanya. Kwana shida kana goge fulogi a gabana. Ina ce maka sannu."

Hamida ta fito da gudu daga wajen murhu. "Baba, ni ce. Ni na roƙe shi."

"Ke tsoro ya sa ki," ya ce, bai ko dube ta ba. "Shi fa ya kalli idona."

Ya miƙe da kansa, ya ƙi a riƙe shi, ya shiga ɗaki.

Bai sake fitowa tsakar gida ba. Kwana tara ya yi a kwance. Kullum ina tsayawa a bakin ƙofa in yi sallama, ya amsa sallamar cikakkiya, daga nan ba ƙari. Matata ta kai masa koko ya sha. Ni na kai masa lemo, da yamma na gan shi a hannun yaran gida.

Ranar Talata da hantsi Hamida ta kira ni a waya. Kafin in iso daga Magazin ya cika.

Na wanke baƙin mai daga hannuna, na naɗe hannun riga, na nufi ɗakin da za a yi masa wanka. Liman ya tare ni a bakin labule, ya riƙe kafaɗata, ya yi ƙasa da murya.

"Ka yi haƙuri, Mukhtari. Kafin ya cika ya faɗi waɗanda za su shiga. Ba ka ciki."

Na ce to. Na tambaye shi ko akwai ruwa isasshe, ya ce ana buƙatar ƙari. Na ɗauki bokiti na tafi famfo. In na kawo sai in ajiye a bakin ƙofa, hannu ya fito ta gefen labule ya ja shi ciki, ya turo mini wanda ba komai.