Jirgi a Cikin Ciyawa

Ɗan jirgin wasa mara matuƙi na wani mai gyaran rediyo ya faɗi cikin ciyawa a bayan filin ƙwallo, amma mutumin bai cire tabarau ɗin da ke nuna masa hoton kyamarar jirgin ba. Abokan wasansa sun sha faɗa masa: in jirgi ya faɗi, muddin kyamara na aiki, ka zauna ka kalli abin da take nunawa, wani ya je nema.

Matarsa ce ta tafi, tana mita. Shi kuwa ba abin da yake gani sai ciyawa da gindin katanga.

Can sai ga ƙafa ta gifta.

"Tsaya nan!" ya ƙwala mata kira. "Ga ƙafarki ina gani!"

Ya ƙura ido. Maɗaurin takalminta ya tsinke, ta ɗaure shi da jar wayar da yake haɗa jirgin da ita.

Da ta dawo ya ce, "Yaushe takalminki ya tsinke?"

Ta dangwara masa jirgin a cinya. "Tun watan jiya, maigida. Ashe sai na shiga kyamara kake ganina."