Sifirin Bindigar Kawu Zulkiflu

Muhsin makaniken babura ne a Bagudo. Ranar kasuwa kawunsa Zulkiflu ya zo daga Kaoje da tsohuwar bindigarsa ta iska, wadda yake korar tsuntsaye da ita a gonar shinkafa.

"Duba mini ita, Muhsin. Shekara shida ba ta harbi, tun da na ara wa Sufyan."

Sufyan makiyayi ne, aminin Kawu tun ƙuruciya, amma saboda bindigar ko gaisawa sun daina.

Muhsin ya kwance ta a hankali. Fatar da ke tura iska ta bushe, sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tunkuɗa ta, ya karye biyu, an ɗaure shi da wayar birkin babur. Nan take ya gane ɗaurin, domin nasa ne. Shekara shida da suka wuce shi ya ɗauki bindigar a ɓoye, ya yi ta harbawa babu harsashi har sifirin ya karye, ya ɗaure ya mayar, washegari Sufyan ya are ta.

Muhsin ya kasa ɗaga kai. "Kawu, ba Sufyan ba ne. Ni na ɓata ta."

Kawu ya daɗe yana kallon wayar. "Kana ji ina zagin bawan Allah, ka yi shiru?"

Muhsin ya samo wani sifirin wajen wani maƙeri, ya yanka sabuwar fata ya jiƙa da mai. Da aka gwada bindigar, ta huda gwangwani.

Kawu bai karɓa ba. "Rataya ta, ka tada babur. Rugar Sufyan za mu, kuma kai za ka yi magana."