Ruwan Eldaberi da Rabin Maganar Lea

Lea ta fito daga tashar jirgin ƙasa ta Canal Street riƙe da kwalbar wani baƙin ruwa. Jiya kawunta Davou, direban tasi, ya yanke jiki ya faɗi a filin jirgin saman JFK yana jiran fasinja. Sai a gadon asibiti ya gaya mata ya daɗe da ajiye maganin hawan jini, tun da ya sami ruwan wasu 'ya'yan itace da ake kira eldaberi wurin wani Tamimu, mutumin Kumasi mai tebur a bakin titi.

Tun kafin ta hango teburin ta ji muryarta tana tashi daga wata ƙaramar lasifika. Jawabin da ta taɓa yi wa matan coci ne, da yake masaniyar abinci mai gina jiki ce: "Antioksidan shi ne sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. A wasu gwaje-gwajen, eldaberi ya fi buluberi da sitiroberi yawansa." Nan maganar ta yanke, ta koma farko.

Ta buga kwalbar a kan teburin.

"Malam, ina sauran maganata?"

Tamimu ya dube ta, ya dubi fuskar da ke cikin bidiyon jawabin a wayarsa. "Ah, Anti Dokta! Ke ce da kanki?"

"Na ce ina sauran? Inda na ce abinci ne, ba magani ba?"

"Ya yi tsawo, Anti. Kwastoma ba ya tsayawa. Amma ƙarya na yi? Bai fi buluberi ba?"

"Ko ya fi duk 'ya'yan itacen duniya, shi zai sauke hawan jini? Kawuna na kwance, hannunsa ɗaya ba ya ɗaguwa!"

Tamimu ya kashe lasifikar, ya fara rantse-rantse bai taɓa hana kowa shan maganin asibiti ba. Lea ba ta saurare shi ba. Ta juya ga wasu mata biyu da ke gaban teburin riƙe da kwalabe, ta zayyana musu abin da ya yanke, da Hausa da Turanci, har muryarta ta dushe. Ɗaya ta ajiye. Ɗayar ta ɗaga kafaɗa ta saka tata a jaka.

"Goge bidiyon nan a gabana," in ji Lea.

Ya goge, yana gunaguni. "Ai ba ni kaɗai ke da shi ba. Har unguwar Morris Heights ya kai."

Ta sa ya faɗi wanda ya turo masa da inda teburinsa yake, ta nufi can da sauri.